Hannun Garkuwa: Yadda Ake Tare Naushi a Rama a Dambe

In ka shiga gidan dambe, a Kano ne ko a Dei-Dei ta Abuja, za ka ga idon 'yan kallo duk yana kan hannun da aka naɗe da zare. Shi makaɗa ke zugawa da kalangu, shi ake jira ya sauka a yi ihu. Ɗaya hannun kuwa, wanda ake miƙawa gaba tafi a buɗe, ba mai yi masa kirari. Alhali kisa da yawa daga kuskurensa suke farawa: ko ya sauka ƙasa, ko ya bi yaudara, ko ya tari naushi a inda bai kamata ba. Hannun zare shi ne mashi, wannan kuwa garkuwa, kuma a kansa nake son in tsaya.

Dokar wasan ce ta ɗora masa wannan nauyi. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an yi kisa. Mai damben zamani yana da safar hannu biyu masu soso da zai ɓuya a bayansu. Ɗan damben gargajiya hannu ɗaya gare shi na kariya, tsirara, ga shi abin da zai tara dunƙule ne da aka ɗaure da zare har ya yi tauri. Wanda ya ce zai riƙa karɓar wannan da tsakiyar tafinsa, ba zai daɗe a fage ba.

A fara da tsayuwa, don garkuwa ba ta aiki a kan ƙafa maras gindi. Mai bugu da dama yana sa ƙafar hagu gaba, tazarar ƙafafun ta ɗan fi faɗin kafaɗa, gwiwoyi a sassauce, nauyin jiki ya ɗan rinjaya baya, kamar kashi 6 cikin 10. Kada ƙafafun su hau layi ɗaya kamar mai tafiya a kan igiya, ɗan turi kaɗan daga gefe ya isa ya kai ka ƙasa. Hannun garkuwa a miƙe yake, amma da ɗan lanƙwasa a gwiwar hannu, kuma gwiwar tana kallon ƙasa. Hannun da aka sandare ba shi da sauran inda zai miƙa, in aka make shi gefe duk jiki ne ke juyawa tare da shi. Tafin ya tsaya tsakanin tsayin haɓarka da hancinka, kana hange ta saman yatsu. Yatsun a haɗe, babban yatsa a manne da ɗan'uwansa. Kafaɗar hagu a ɗan ɗage, haɓa a soke a bayanta.

Ido kuma a ƙirjin abokin karawarka za ka ajiye shi, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, inda kake ganin kafaɗunsa biyu a lokaci ɗaya. Ga dalili. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da hannu zai motsa, mutum yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sakan, kuma naushin da ya riga ya taso daga kusa ba ya jiran haka. Mai kallon zare kullum a makare yake. Kafin dunƙule ya taso, akwai abubuwan da ke riga shi: ƙafar gaba ta kafe, ƙugu ya murɗa, kafaɗar baya ta ɗan nutse. Waɗannan ake karantawa.

Mafi yawan bugun dambe kewayowa yake yi, daga baya ya zagayo ta sama ko ta gefe ya nufi kunne da muƙamuƙi. In ku biyu duk da dama kuke bugu, mashinsa ta ɓangarenka na hagu zai zo, wato daidai inda garkuwarka take. Bugu mai kewaye kamar saran gatari yake. Ƙarfin duk yana can baki, wanda ƙota ta same shi kusa da hannun mai sara bai ji komai ba. Saboda haka mafi kyawun tarewa ita ce ta tushe: ka taka ƙafar gaba kamar rabin taku zuwa ciki, ka aika tafinka ya tokare gaban kafaɗarsa ko ƙwanjinsa tun hannun bai gama buɗewa ba. Da dunduniyar tafi ake tokarewa, wato tudun nan na kusa da wuyan hannu, yatsu suna kallon sama. In ka tura da kan yatsu, su za su lanƙwashe baya. In kuma ka miƙa hannu kaɗai ba ka taka ba, ba za ka kai kafaɗar ba, za ka tsaya a tsakiyar hanya, inda dunƙulen zai zagayo ta bayan hannunka ya same ka a kunne. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa ga masu koyo: zuciya ta ce shiga, ƙafa ta ƙi.

Mai son ganin wannan dabara a wajen fagenmu, ya nemi damben George Foreman da Joe Frazier na 1973 a Kingston ta Jamaika. Foreman ya riƙa miƙa hannuwa yana tokare kafaɗun Frazier yana ture shi zuwa tazarar da yake so, sannan ya sake masa bugu. Sau shida ya kai shi ƙasa kafin a tsayar da wasan a turmi na biyu. A shekara ta gaba kuma, 1974, a Kinshasa, Muhammad Ali ya nuna raunin mai dogaro da bugu mai kewaye: ya rufe kansa ya bar Foreman ya gaji, yana zura masa miƙaƙƙen naushi ta tsakiya, har ya kayar da shi a turmi na takwas. Duka darussan biyu suna da amfani ga ɗan dambe.

In lokaci ya ƙure ba ka samu ka tare a tushe ba, sai a tare da sangalin hannu. A nan 'yan kareti suna da abin koyarwa. Tarewar sama da suke kira age-uke ba a kwance ake yin ta ba: wuyan hannu yana sama da goshi da kamar faɗin dunƙule ɗaya, gwiwar hannu tana ƙasa da shi, sangalin ya karkace kamar rufin kwano, don bugun ya zame ya gangara waje yadda ruwan sama ke yi. Hannun da aka shimfiɗa a kwance shi ke shan nauyin duka. Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, abin da kake nema ka gamu da shi shi ne cikin sangalinsa, bayan inda zare ya ƙare, ba dunƙulen kansa ba. Na biyu, ka karɓa da bayan sangalinka mai nama, kusa da gwiwar hannu. Ƙasusuwa biyu ne a sangali. Na ɓangaren ƙaramin yatsa fata ce kawai ta rufe shi, shafa ka ji. In shi kaɗai ya gamu da zare a tsakiyarsa, yana iya tsagewa, kuma irin wannan karayar sananniya ce a wajen likitocin ƙashi ga wanda ya ɗaga hannu ya kare sanda.

Matakin ƙarshe shi ne rufi, in bugun ya riga ya iso. Ka naɗe hannun, tafi ya dafe bayan kunne, gwiwar hannu ta kalli gaba, ƙwanji da sangali su lulluɓe gefen fuska. Dole hannun ya manne da kai. In ka bar rata ko ta yatsa biyu ce, naka hannun ne zai buge ka. Ka sassauta gwiwa ka bi bugun kaɗan zuwa dama don ya rage nauyi. Rufi yana ceto, amma ba wurin zama ba ne, hannu tsirara ba ya shanye bugu uku a jere, kuma mai rufi rabin ganinsa ya tafi.

Miƙaƙƙen naushi, wanda ya taho ta tsakiya, kaɗe shi ake yi. Tafi ya taɓa gefen wuyan hannunsa ya kautar da shi, motsin bai wuce kamu ɗaya ba. Faɗin fuskarka kawai kake son ya kuskure. Mai kaɗewa da ƙarfi har hannunsa ya wuce kafaɗarsa ta dama ya buɗe ƙofa da kansa.

Yanzu ga inda maganar take. Mai tarewa ya tsaya yana jin daɗin ya tsira, bai yi komai ba, ya dai ba abokin karawarsa damar sake ɗanawa. Kalmar da Japanawa ke kiran tarewa da ita a kareti, wato uke, asalinta karɓa take nufi, kuma tun salon da Gichin Funakoshi ya kai Tokiyo daga Okinawa a 1922 ake koya wa ɗalibi ya haɗa ta da naushin martani. A dambe abin ya fi fitowa fili. Lokacin da mutum ya saki mashinsa, ƙugunsa ya juya, kafaɗarsa ta hagu ta koma baya, garkuwarsa ta bi ta, sau da yawa ma ta zube ƙasa. Fuskarsa a buɗe take, nauyinsa yana tahowa gare ka. Wannan ƙofar ƙiftawar ido ce, da ya janye hannu ta rufe.

To, yadda ake shiga ta. Ka taka ka tokare da hagu, a cikin wannan takun ne dunduniyar ƙafarka ta baya za ta ɗaga ta murɗa, ƙugu ya bi, kafaɗa ta bi, dunƙule ya zo ƙarshe. Ba ƙirga biyu ba ne, ɗaya ne mai ɗan jela. Kada ka ja mashi baya don ka ƙara masa ƙarfi, tsayuwar dambe ta riga ta ɗana shi a baya, kuma duk ja da ka ƙara sanarwa ce. Ka bi gajeriyar hanya zuwa haɓa ko gefen muƙamuƙi, domin bugun da ke juya kai shi ke kashe ƙafafu. Ba sai ka zuba duk ƙarfinka ba, tahowarsa ta biya rabin kuɗin. Sannan ga wani abu da ake yawan mantawa: sa'ad da ka saki dama, kanka yana karkata hagu, wajen mashinsa. Saboda haka garkuwarka kada ta bar hannunsa sai naka ya sauka. Wanda ya janye garkuwa da wuri, shi ne za ka ga su biyun sun bugi juna a tare, sai mai ƙarar kwana.

Wuyan hannu a miƙe yake sauka, bayan hannu da sangali layi ɗaya, ƙarfin yana bi ta gaɓoɓin manuniya da na tsakiya. Zare yana taurara dunƙule, amma ba ya gyara bugun da ya sauka a karkace. In ya sauka ta ɓangaren ƙaramin yatsa a kan ƙoƙon kai, ƙashin bayan hannu na wannan yatsan ne ke karyewa.

Akwai ramuwa ta biyu wadda ni na fi so ga mai tsawo. Maimakon ka shiga, sai ka bar bugun ya wuce. Ka lanƙwasa gwiwar baya, kai ya ja kamar kamu ɗaya, haɓa tana nan a soke. Da gwiwa ake ja, ba da gadon baya ba. Mai gantsarewa haɓarsa a sama take, nauyinsa a kan dugadugai, ko bugun bai same shi sosai ba zai zauna. Da dunƙulen ya gifta gabanka, garkuwa ta bi bayan gwiwar hannunsa ta ƙara masa turi ta inda ya nufa. Ƙarfinsa ne zai juya shi, fuskarsa ta koma ɓangarenka na dama, inda mashinka ke jira, ƙafarka ta baya kuma tana ɗauke da nauyi kamar bakan da aka ja. Mutumin da ya yi sara a iska ƙafafunsa a harɗe suke, bugu matsakaici ya isa ya sa ya dafa ƙasa. In ya juya har ya ba ka ƙeya, ka riƙe hannunka. Bugun ƙeya yana iya nakasa mutum har abada, kuma ba kisan da ya kai wannan.

Ta uku ita ce riga shi, wato ka saki naka daidai lokacin da kafaɗarsa ta nutse tun bai taso ba. Wannan ta manya ce. Mai koyo ya bar ta sai ya ƙoshi da biyun farko.

Kafin duk wannan akwai ƙaramin yaƙin da garkuwa biyu ke yi a tsakaninsu, wanda ɗan kallo ke ɗauka jinkiri ne har ya fara tsaki. Kowa yana son hannunsa ya kasance a sama, don wanda ya danne na ɗan'uwansa ƙasa ya buɗe wa mashinsa hanya. In aka danne naka ko aka kama wuyan hannunka, kada ka tsaya ja-in-ja, bugu na biye. Ka murɗa hannun ta wajen babban yatsansa, nan ne riƙo ya fi rauni, ka maido shi sama. In bai fita nan take ba, ka taka ciki ka manne da shi har alƙalin wasa ya raba. Riƙo ba abin kunya ba ne ga wanda garkuwarsa ta kubce.

Haka nan yaudara. Gogaggen ɗan dambe zai girgiza kafaɗa sau biyu ko uku don ya ga abin da hannunka ke yi. In kowane girgiza sai ka ɗaga garkuwa sama, na huɗu a haƙarƙari zai sauka. Maganinta shi ne ƙaramin motsi, da kuma amsa girgiza da ƙafa: ɗan taku zuwa damanka, nesa da mashinsa, hannu yana inda yake. Bugun ciki kuwa da gwiwar hannu ake tare shi. Ka janyo ta ta rufe haƙarƙari, ka ɗan rusuna ta wannan gefen, tafi yana nan kusa da fuska. Hannu ba ya sauka ya je neman naushi a ƙasa. Kuma tunda ana shuri a dambe, kada ka tari ƙafa da yatsu a buɗe, ka janye ko ka karɓa da gwiwar hannu. Sunkuyawa ƙasa sosai irin ta damben zamani ma tana da haɗari a nan, ɗan danni a wuya ya isa hannunka ya taɓa ƙasa a ce an kashe ka.

Bahago yana rusa rabin abin da aka faɗa, shi ya sa ake shakkarsa. Mashinsa na hagu ta ɓangarenka na dama yake zuwa, inda ba garkuwa, kuma in ya yi ƙasa nan ne hanta take, ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Garkuwarka da tasa suna fuskantar juna kai tsaye, ƙafafunku na gaba suna karo. Wanda ya sa ƙafarsa ta gaba a waje da ta ɗan'uwansa shi ke da fage. Ka riƙa zagayawa hagunka, ka danne garkuwarsa daga waje zuwa ciki, sai mashinka ya samu miƙaƙƙiyar hanya ta tsakiya, nasa kuma sai ya tsallake jikinsa kafin ya kai gare ka. In ya riga ka saki, kada ka tsallaka da garkuwa zuwa dama, za ta rufe maka ido. Ka ɗaga sangalin hannun zaren ka yi rufi da shi, ka rama daga nan.

Wajen atisaye, ba a koyon tarewa da zare. A samu safar damben zamani, ko a naɗe hannu da tsumma mai kauri, a sa robar haƙori. Mutum biyu, ɗaya yana kawo bugu iri ɗaya tak da kashi ɗaya cikin uku na saurinsa, ɗaya yana tarewa ya rama da taɓawa kawai: sau 20, a canja. Mako biyu na farko tokarewa da rufi kaɗai. Bayan nan a ƙara sauri, a ba mai bugu zaɓi biyu, sama ko ciki, ba tare da ya faɗa ba. Daga baya a shigo da yaudara. Mai kawo bugun ya nufi fuska da gaske ko da a hankali ne, don in yana kautarwa saboda tausayi, yana koya wa ɗan'uwansa tare abin da ba zai taɓa zuwa ba. Kafaɗar garkuwa kuma ita ke fara gajiya, da ta gaji hannu ya sauka ba ka sani ba. A riƙa tsayuwar dambe ana zagaye da hannu a miƙe minti 2, a huta minti 1, sau biyar. Mai ƙiftawa ko kau da kai in bugu ya taho, a rage masa sauri har idonsa ya saba, tsawa ba ta gyara wannan.

In sangali ya kumbura a wuri ɗaya, yana zafi in an danna ƙashin ko in an juya tafi sama da ƙasa, a je a ɗauki hoton ƙashi kafin a kai ga mai ɗori. Babban yatsan da ya bankaɗe ya kasa riƙe kofi, jijiyar gaɓarsa ce ta taɓu, ba a murza shi. Wanda kuma aka buga a kai ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya kasa tuna turmin da ake ciki, ya gama dambe a ranar ko da bai faɗi ba, kuma ba zai koma atisayen bugu ba sai likita ya duba shi. In ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci yana fizgarsa ana tashinsa da ƙyar, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, asibiti za a nufa da shi a daren, ba a jira gari ya waye.